Wainar da ke Jirana a Bakin Kasuwar Gudu

Likitar ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ma maganarta ta fi shiga raina. Ta dubi takardar gwajin jinina, ta dube ni, ta ce ciwon suga bai shigo ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa ya yi sallama. Ta ba ni wata uku: in rage ci, in riƙa tafiya a ƙasa kullum, sannan in dawo a sake gwadawa. In ya ja da baya, to madalla. In bai ja ba, sai magani, kuma wanda ya fara shi ba shi da ranar ajiyewa.

Ni ba sai an yi mini dogon bayani a kan wannan ciwo ba, domin shi ya ɗauke Innata. Shekarunta huɗu na ƙarshe a gidanmu ta yi su, nan bayan kasuwar Gudu, muna kallo tana ƙarewa kaɗan-kaɗan, har ganinta ya tafi. Don haka da na fito daga asibiti tsoro ne fal cikina. Ban ko biya gida ba, na wuce kasuwa na sayi kambas, takalmin da rabona da shi tun ina makarantar kwana.

A lokacin shekarata arba'in da shida, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati inda kujerata ta san ni fiye da 'ya'yana. Tafiya mafi tsawo da nake yi a rana ita ce daga inda na ajiye mota zuwa bakin lifta, ita ma in lifta ta lalace sai na ji kamar da gangan aka yi mini. Jiki kuwa masha Allah. A danginmu ba a cewa mace ta yi ƙiba, sai dai a ce ta samu kwanciyar hankali, kuma ni na samu har ta yi yawa.

Maigidana, Alhaji, sarin kayan marmari yake yi a kasuwar Zuba fiye da shekara ashirin, shi da ƙaninsa. Mutum ne marar yawan magana, hannunsa ne ke masa maganar. In ya ɗaga kankana ya ɗan jinjina ta, zai faɗi nauyinta da ko ta nuna, kuma ba a taɓa yankawa aka ƙaryata shi ba. Yana da wata ɗabi'a: duk yamma in ya dawo, kafin ma ya cire hula, sai ya kama wuyan hannuna ya zagaye shi da yatsunsa biyu, ya ɗan riƙe, ya saki. Ni dai na ɗauka soyayyar dattijon da bakinsa ba ya iya faɗa ce, har ina yi wa ƙawayena fariya da ita. Da na gaya masa abin da likita ta ce, sai ya ce Allah ya sawwaƙe. Da ya ga kambas kuwa, sai ya tambaye ni wa ya biyo ni.

Abokiyar tafiyata maƙwabciyarmu ce, malamar sakandare 'yar Filato da kowa a layin ke kira Madam. Ta yi shekaru tana wannan tafiya da sassafe, siririya kamar tsinken tsire, ga sauri. Hausarta ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Da gari ya fara wayewa bayan sallar asuba sai in ji bugun ƙofa da muryarta: "Hajiya, ka fito mana, time yana tafiya." Mu bi ta gaban masallaci, mu miƙe titi har kasuwa, mu zagaya ta wajen masu kayan mota tun ba su buɗe shaguna ba, mu dawo gida. Kusan minti arba'in da biyar, in ban tsaya gyara hijabi ba.

Ranar farko na dawo ina haki kamar wadda ta yi dakan gero buhu guda. Abin mamaki, da aka ajiye mini koko da ƙosai ko kallonsu ban iya yi ba. Cikina ya rufe ruf. Na yi murna ƙwarai, na ce ashe abin haka yake da sauƙi, mutane ke ta kururuta shi: ka yi tafiya, yunwa ta gudu, ka rame. Har na fara tunanin wane tela zan kai wa kayana ya rage.

Ƙarfe goma na safe ina ofis yunwar ta iso. Ba irin yunwar da na sani ba ce, wadda take ɗan taɓa mutum ta koma. Wannan ta zo ne kamar mai gidan haya a ƙarshen shekara, ta tsaya a kaina ba ta da niyyar tafiya. Na sauka wajen mai abinci a bayan ma'aikata na ci shinkafa da wake da soyayyen kifi, ƙarfe ɗaya kuma na sake komawa, domin ai wancan karin kumallo ne. Ban ji ko ɗigon laifi ba. A raina na kafa wata doka mai sauƙi: na yi aiki, dole a biya ni lada. Kuma ni ce ma'aikaciyar, ni ce mai biyan, kowa ya san yadda irin wannan shari'a take ƙarewa.

Ban tsaya nan ba. Tunda na yi nawa da safe, sauran yinin ya zama hutu. Bene hawa ɗaya da a da nakan daure in taka, yanzu sai lifta. Takardar da ke teburin da ke kusa da ni, sai in jira wani ya zo wucewa ya miƙo mini. Na koma kamar sojan da ya dawo daga yaƙi, kowa sai ya lallaɓa ni.

A mako na biyu ne mai waina ta shigo labarin. Dattijuwa ce da ke kafa tandarta a kwanar shiga kasuwa, daidai inda muke juyowa gida. Mun yi kwanaki muna wuce ta ba ta ko ɗago kai ba. Rannan sai na ji an ce, "Hajiya mai kambas, haka ake yi? Ba ko gaisuwa?" Kunya ta kama ni. Na ratse na gaishe ta, na tambayi kwanan iyali da sanyi da kasuwa. Kafin in gama ta ɗauko waina guda da zafinta, ta barbaɗa mata yaji ta danƙa mini a hannu, ta ce in ɗanɗana. Wa ya isa ya mayar wa sa'ar uwarsa hannu? Na ci.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa cin waina irin tata ba. Gefenta ya soyu yana ƙaras-ƙaras, cikinta laushi, ga ɗan tsamin da ake so. Washegari ta ba ni biyu. Kafin mako ya zagayo an kai shida, da miyar taushe a kwano, har da benci da take share mini da gefen zaninta tun ta hango mu. Na sha ƙoƙarin ba ta wani abu tana ture hannuna, tana cewa in bari kawai. Ni kuwa na ɗauka farin jinina ne, don tun ina yarinya tsofaffi ke so na.

Madam ba ta zama. Tana tsaye a gefe tana tattaka ƙafa wuri ɗaya don kada jikinta ya huce, tana kallona da tausayi. Ta ce, "Hajiya, wannan waina zai cancel duk abin da mun yi fa." Na ba ta amsa da baki cike cewa ita ba ta san jikin Bahaushiya ba, yanzu akwai wuta a cikina, duk abin da ya faɗa ƙonewa yake yi nan take. Ban san inda na samo wannan ilimi ba, amma na faɗe shi da ƙarfin zuciya har ni kaina na yarda.

Da yamma kuma Alhaji ya ɓullo da sabon salo. Mutumin da a da sai mun roƙe shi yake kawo mana lemo, yana cewa kayan sayarwa ne, yanzu kullum sai ya shigo da nonon ayaba da ta nuna luguf, ko abarba, ko mangwaro. Ya ce in ba a ci yau ba gobe sai bola, kuma almubazzaranci haramun ne. Yaranmu duk suna makaranta, daga ni sai shi a gidan, shi kuma wai ya gaji da ganin kayan marmari. In na yi gardama sai ya ce kayan marmari ai ba abinci ba ne, ruwa ne kawai Allah ya ƙulle a ɓawo. Haka nake zama bayan tuwo in ceci ayaba biyar daga halaka, ina jin kaina mai aikin lada.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na cika mako shida na biya wani kyamis a unguwarmu na hau sikeli, ina murmushin wadda ta san ta ci jarrabawa. Allurar ta wuce inda na baro ta a asibiti da kilo uku. Na ce wa mai kyamis sikelinsa ya lalace. Na sauka na cire takalmi na hau. Na ajiye jaka na hau. Na ciro waya da makullin mota na ba shi ya riƙe. Bawan Allah ya kawar da kai, ya ce cikin ladabi, "Hajiya, hijabin ma ba zai kai haka ba." Mutane garin neman ƙiba suke samo rama, ni garin neman rama na samo ƙiba. Na yi dariya a gabansa, amma da na shiga mota sai da na yi hawaye, domin rabin wa'adina ya tafi, kuma Inna ce ta faɗo mini a rai tana lalube bango tana neman ƙofar banɗaki.

Na kai ƙara wajen Madam. Ba ta ce ai ta faɗa ba, Allah ya saka mata. Ta ce gobe in riƙo gorar ruwa, in mun kusa kwanar in sha, sannan in tambayi cikina tsakani da Allah ko yunwa yake ji. Na yi yadda ta ce. Abin kunya, ba yunwar komai a lokacin. Ƙishi ne da hanci, sai kuma wannan doka tawa ta lada. Yunwar gaskiya tana can tana jirana ƙarfe goma, kuma waina shida ba su taɓa hana ta zuwa ba.

Don haka na ƙarasa wajen dattijuwar na gaishe ta yadda ya kamata, na ce daga yau ta yafe ni, likita ta hana. Na zaci za ta ji haushi. Sai na ga ta saki ludayi, hankalinta ya tashi, ta ce, "To ni yanzu me zan ce wa Alhaji?"

Na ce wane Alhaji?

Ta kama bakinta, amma magana zarar bunu ce. Da na matsa mata ta fayyace mini komai. Ashe mijinta marigayi mutumin garin su Alhaji ne. Tun a makon farko Alhajin nawa ya tsaya a wurinta a hanyarsa ta zuwa Zuba, ya kwatanta mata ni da kambas ɗina, ya ba ta amana kada ta bari in wuce ban ci ba. Kullum da yamma kuma sai ya biya gidanta ya ajiye mata lemo, ya tambayi guda nawa na ci. Ranar da na ci shida har addu'a ya yi mata. Farin jinin da nake taƙama da shi ashe kwangila ce aka bayar.

Ranar ban yi aikin gwamnati ba. Na wuni ina shirya jawabi, ina gyara shi, ina ƙara masa barkono. Yunwar ƙarfe goma ma da ta leƙo ta ga yanayina komawa ta yi. Gab da magariba ya shigo da ayabarsa a hannu, ya yi sallama, ya miƙo hannu zai kama wuyan hannuna kamar kullum. Na fizge. Na zazzage masa duk abin da na tanada: ina fita da sanyin safiya ina jan jiki kamar buhun shinkafa, shi yana bi ta baya yana rusa mini, in so yake in mutu ya faɗa mini kai tsaye ba sai an haɗa da waina ba. Na yi maganganu da yawa, wasu ma ba sa cikin jawabin.

Bai katse ni ba. Ya ajiye ayabar, ya zauna a bakin kujera, ya cire hula ya riƙe. Da na gama ya ce, "Kin tuna wanda ya ɗauki Inna zuwa mota ranar ƙarshe?"

Na tuna. Babu kowa a gidan ranar sai mu biyu, shi da bai taɓa haɗa ido da ita ba saboda kunyar surukai, shi ya sunkuce ta.

Ya ce, "Kwandon lemo ya fi ta nauyi. Hannunta yana reto, na ga wuyan hannun kamar sandar rake. Kuma da ramewa ta fara, kowa yana cewa ta yi kyau." Ya ɗaga yatsunsa biyu ya yi da'ira da su, ya bar ɗan tsakani. Ya ce muddin yatsun nan ba su haɗu a hannuna ba, yakan iya barci. Da na dawo daga asibiti na ambaci sunan ciwon, sannan ya ga na ƙi koko da ƙosai, sai ya ce shi ke nan, abin ya fara.

Sai a lokacin na lissafa baya na gane ba tun aurenmu yake kama mini hannu ba. Bayan rasuwar Inna ya fara. Shekara biyar ana auna ni kamar kankana ina fariya. Fushina ya nemi wurin tsayawa ya rasa, tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ga dariya tana neman ƙwace mini. Tsoro ɗaya muke ji ni da shi, kowa ya kama nasa gefen yana ja.

A makon na tasa shi gaba har wajen likitar. Ta yi masa bayani da haƙuri cewa rama iri biyu ce: akwai wadda ciwon ke kawowa, irin ta Inna, akwai kuma wadda ake nema don a kore shi. Ya tambaye ta yadda mutum zai bambance su da hannu. Ta ce da hannu ba za a iya ba, sai da takardar gwaji, da kuma duba ko ƙarfi ƙaruwa yake ko raguwa. Na ga abin bai yi masa daɗi ba, mutumin da hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba. Amma ya gyaɗa kai.

Washegari da Madam ta buga ƙofa, Alhaji ne ya buɗe. Kaftani, hula, takalmin fata, carbi a hannu. Ya ce tunda takarda ba ta gani kullum, shi zai riƙa duba ƙarfin da idonsa. Ya bar wa ƙaninsa saukar kayan farko a Zuba, lokacin da ake zaɓen masu kyau, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba, kuma bai bar mu mun manta da wannan sadaukarwa ba ko na kwana ɗaya. Yana tafe hannu a baya kamar mai duba gona, yana tsayawa gaisawa da duk mai gadin da ke layin, Madam tana gaba tana kiran, "Oga, ba yawon sallah mun zo ba."

Saura matsalar mai waina, wadda ba ta yi laifin komai ba sai riƙon amana. Alhaji ya ce ba za a kunyata dattijuwa ba. Don haka shi ya gaji bencina, ya gaji kwanona da waina shidana, ni kuma ina tsaye kusa da Madam ina shan ruwa ina haɗiyar yawu. Ranar Asabar kaɗai ake ba ni guda ɗaya. Mutumin da a da ba ya karyawa sai hantsi, tafiya ta buɗe masa ciki, har na ji shi da kunnena yana gaya wa Madam cewa ai akwai wuta a cikinsa yanzu.

Yunwar ƙarfe goma kuwa na daina faɗa da ita, na koma shirya mata. Ina tafiya ofis da dafaffen ƙwai ko alale ko 'yar gyaɗa, in ta zo in ba ta haƙƙinta ta tafi. Na koma taka bene, ina tsine wa wanda ya gina shi. Bayan 'yan makonni na lura ta rage rashin kunya, tana zuwa a kan lokaci, kuma malmalar tuwon da a da nake cinyewa in nemi ƙari ta fara gagarata. Ba kullum ba. Akwai ranar sunan 'yar ƙanwata a Mararaba da ba na son a tuna mini.

Da wa'adin ya cika muka koma tare. Likita ta ce baƙon ya ja da baya taku ɗaya, amma bai bar unguwar ba. Ba magani yanzu, sai in dawo bayan wasu wata ukun. Na yi hamdala. Alhaji ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya ninke ya sa a aljihun gaba, ya wuce kasuwa.

Da yamma ya dawo da ayaba guda ɗaya tak. Ya yi sallama ya tsaya, bai miƙo hannu ba, don tun ranar faɗan bai sake ba. Ni na miƙa masa nawa. Ya zagaye shi a hankali, na ji kan yatsun nan biyu sun taɓa juna. Ya ƙi sakina. Na ce, "Alhaji, ni ce fa. Ɗazu da safe ma kai ka ce in rage sauri." Ya daɗe yana duban fuskata, ya dafa aljihun da takardar take, sannan ya saki.

Ya ɓare ayabar ya raba ta biyu, rabon bai zo daidai ba. Ina kallo hannunsa ya nufo ni da babban, ya tsaya a hanya. Sai ya sauya ya ba ni ƙaramin, ya juya baya ya ci nasa a tsaye.